Sifirin na hannu ya yi tsatsa: yaya ake goge shi a yi masa fenti a gida?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum, masana. Na samu sifirin na baya guda biyu, na hannu, na motar ɗaukar kaya, kowanne falle takwas. Tsatsa ta rufe su, har tana ɓarewa ɓawo-ɓawo a tsakanin fallayen. Ina da injin gurza na hannu da buroshin waya, ba ni da injin feshin yashi. Sai na warware su, ko a haɗe ma za a iya gogewa? Wani ya ce in jiƙa su a asid su kwana. Kuma wane fenti ne ba zai ɓare ba idan sifirin yana lanƙwasa?

Tsohon Makaniki:
Wa alaikumus salam. Warwarewa dole ce. Tsatsar da kake gani a waje kwalliya kawai take ɓatawa, mai karya sifirin tana ciki, inda falle ke kwance a kan falle ruwa yana maƙalewa.

Kafin ka taɓa noti, ajiye kowane sifirin idanunsa biyu, wato naɗaɗɗun bakunan babban falle, suna sama, ka ja zare daga tsakiyar ido zuwa tsakiyar ido, ka auna daga zaren zuwa babban falle daidai wajen santa-bol, wato bol ɗin tsakiya da ya ratsa duk fallayen. Idan bambancin na dama da na hagu ya wuce santimita 1, ɗaya ya riga ya zauna, mota za ta karkace ko da fentin ya yi ƙyalli. Sannan ka sa wa kowane falle lamba, 1 zuwa 8, da alamar gaba, don a motoci da yawa ramin santa-bol ba a tsakiya sosai yake ba. Alli zai goge wajen aiki, gara ka ɗaura ƴar waya da lamba a ramin kowane falle bayan ka raba su. Kada ka buga alama da kurfi a bayan ƙarfen.

Wajen kwancewa ake jin ciwo. Fallayen a matse suke, kowanne da irin lanƙwasarsa, santa-bol kaɗai ke riƙe da su. Sa kilam, wato ƙarfen matsewa mai zare, guda biyu masu ƙarfi, ɗaya a kowane gefen santa-bol, ka matse sosai, sannan ka kwance notin ko ka yanke shi. Sai ka riƙa sassauta kilam ɗin bi-da-bi, zagaye ɗaya nan, zagaye ɗaya can, har fallayen su saki. Kada fuskarka ta kasance a saitinsu.

Bayan ka goge, kafin zancen fenti, duba tsaga. Rataye falle da waya ka ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma: lafiyayye zai yi ƙara mai ja kamar ƙararrawa, mai tsaga sai ya ce "tak" ya mutu. Wata dabarar, shafa kananzir, bar shi minti 10, goge tas, ka barbaɗa garin alli. Inda tsaga take, kananzir zai fito ya ja siririn layi a cikin farin. Ka fi duba gefen ramin santa-bol, da gindin ido, da wurin da bakin ƙaramin falle ya ci gurbi a jikin na samansa. Falle mai tsaga ba a yi masa walda, sauyawa ake yi.

Maƙeri:
Maigida ya gama magana kan kwancewa. Zancen asid nake so in tsaya a kai, don wanda ya ba ka shawarar bai san irin ƙarfen ba. Sifirin ƙarfe ne mai tauri da aka yi wa wuta aka kashe a mai, irin mai lamba 5160 ko SUP9. Idan ya daɗe a asid mai ƙarfi, musamman haidirokulorik ko ruwan batir, iskar haidirojin tana shiga jikinsa ta sa shi gautsi. A ido zai fito fari fes, amma ana ɗora kaya yana iya tsinkewa ba gargaɗi. A masana'anta, ƙarfe irin wannan idan ya shiga asid gasa shi suke yi a zafin kusan digiri 200 na tsawon sa'o'i don iskar ta fita. Kai ba ka da wannan murhun. Cire tsatsa da lantarki cikin ruwan soda ma haidirojin ɗin yake fitarwa, ni ban ba da shawararsa ga sifirin ba.

Da hannu za ka yi. Fara da kankare ɓawon da guduma mai baki ko tsohon kurfi, a kwance, ba sara ba. Sai buroshin waya mai murɗaɗɗen gashi a kan injin gurza. Duba lambar da ke jikin buroshin, gudun da zai iya ɗauka ya kai na injin, don ƙaramin inji yana kai zagaye 11,000 a minti, kuma wayar tana tsinkewa ta soki mutum. Tabarau, safar hannu da abin rufe hanci ba na wasa ba ne, tsohon fenti yana iya ɗauke da dalma.

Dutsen gurza kam ajiye shi. Idan dole sai ka bi da sanfefa, lamba 80 zuwa 120, kuma ka bi tsawon falle, kada ka gitta. Ƙarce a gicciye nan tsaga take farawa. Ka fi tausaya wa fuskar sama, wato cikin lanƙwasar, ita ce ke miƙewa idan kaya ya hau, kuma ita masana'anta ke bugawa da ƙananan ƙwallayen ƙarfe don ta jure. Wannan fatar siririya ce, kana gurza da yawa ka cire ta. Idan ka ga ƙarfe ya fara yin shuɗi, wurin ya kai wajen digiri 300, ka tsaya a wuri ɗaya da yawa. Wuta kuwa, ko don fitar da tsohon bushin, wato robar da ke cikin ido, kada ta kusanci ido. Yanke zoben ƙarfen bushin ɗin daga ciki da zarton ƙarfe, ka buge shi ya fita.

Mai Fenti:
Buroshi ba ya kaiwa cikin ƙananan ramukan da tsatsa ta haƙa. A nan ne maganin tsatsa mai fosforik yake da amfani: shafawa da buroshi, minti 15 zuwa 30, ba jiƙawa ba. Tsatsar za ta koma baƙa, sai ka goge ragowar yadda aka rubuta a jikin gwangwanin, ya bushe ƙarau. Goge maiƙo da tina a farin tsumma har tsumman ya daina baƙi. Ranar da ka goge, ranar za ka sa fentin farko, ƙarfe tsirara kwana ɗaya ya ishe shi ya sake ja.

Fentin farko, mai zinc ko efoksi mai haɗi biyu, shafi ɗaya siriri a ko'ina. Na biyu, baƙin fentin shasi, shafi biyu sirara, amma a gefuna da idanu da wuraren da ke fili kawai. Lita ɗaya na kowanne zai ishi fallaye 16 har ya yi saura. Abin da ke ɓare fenti a sifirin kauri ne, ba lanƙwasa ba. Mafi muni, fenti mai kauri a tsakiya inda yu-bol, ƙarfen da ke ɗaure sifirin da gindin taya, ke matsewa: fallaye takwas, kowanne fuska biyu, idan fentin ya murƙushe sai matsin ya saki, fallayen su fara motsi, santa-bol ya tsinke ko falle ya karye daidai ramin. Kada ka yi fenti ana ruwa ko da sanyin asuba ƙarfe yana raɓa. Bar shi kwana uku zuwa mako kafin haɗawa, ka danna da farce, idan ya yi gurbi bai nuna ba.

Ɗan Koyo:
Allah ya saka da alheri. To tsakanin fallayen fa, in cika giris?

Tsohon Makaniki:
A'a. Giris yana kama yashi ya zama kamar sanfefa, kuma gogayyar da ke tsakanin fallaye tana rage wa mota tsalle. Fenti mai girafait, wanda ke bushewa, shi ya fi dacewa, shafi ɗaya. Idan sifirin ɗinka mai ƴan robobi ne a bakin fallaye, sa sababbi.

Wajen haɗawa, zura dogon bol mai zare don ramukan su daidaita, matse da kilam, sannan ka sa sabon santa-bol ka yanke rarar. Yu-bol ma sababbi, tsohon ya riga ya miƙe, zarensa ba zai riƙe ba. Ɗaure notocinsa a gicciye, kaɗan-kaɗan, zuwa ma'aunin da littafin motar ya ce. Bol ɗin ido da na shakul, wato ƙarfen da ke lilo tsakanin ido da shasi, kada ka ƙarasa ɗaure su mota tana kan jak, sai ta sauka nauyinta ya hau taya, in ba haka ba robar bushin za ta murɗe ta yage. Bayan tafiyar farko da kaya, sake bin yu-bol da sifana, za ka tarar notocin sun ɗan karɓa.