Yawan sentrosom ne ke haifar da sankara, ko sankara ce ke kawo shi?

Ɗalibar likitanci:
Assalamu alaikum. An koya mana cewa sentrosom, wato tushen zaruruwan da ke jan kromosom (ƙunshin bayanan gado da ke cikin ƙwaya) idan ƙwayar halitta za ta rabu biyu, sau ɗaya tak yake ninkuwa kafin kowace rabuwa, domin kowane gefe ya samu guda. Amma a ƙwayoyin sankara da yawa akan tarar da uku ko huɗu. Don Allah, wannan yawan ne sanadin cutar, ko ɓarna ce da cutar ta haifar?

Malamin kimiyyar halittu:
Wa alaikumus salam, Malama. Tun a 1914 Bajamushe Theodor Boveri ya ce wannan matsala na iya zama mafarin sankara, bayan ya ga ƙwan wata halittar teku mai ƙayoyi, wanda maniyyi biyu suka shiga, yana rabuwa gida uku ko huɗu, kromosom ɗin kuma suna watsuwa ba tsari. Hujja mai ƙarfi ta zo a 2017, lokacin da masu bincike a Amurka suka ƙara yawan furotin PLK4, mai sa sentrosom ninkuwa, a jikin ɓeraye, sentrosom ya yawaita, daga baya ƙari ya tsiro musu.

Ɗalibin digiri na biyu:
Allah ya ƙara ilimi, Malam, amma akwai abin lura. Ƙwayar da ta rabu gida uku galibi 'ya'yanta mutuwa suke yi. Dabarar ƙwayar sankara ita ce ta tattara sentrosom ɗinta gefe biyu da taimakon furotin KIFC1, sai ta rabu biyu kamar lafiyayyiya, alhali kafin tattarawar wasu kromosom sun riga sun ɗauru da zaruruwan ba daidai ba, su yi ta jan ƙafa a tsakiya har su faɗa inda bai kamata ba. Kuma matuƙar furotin p53, mai hana ƙwayar da ta lalace ci gaba da rabuwa, na aiki, yakan dakatar da irin wannan ƙwaya, don haka a ganina yawan sentrosom yana buƙatar abokin ɓarna.

Likitar mata:
Ƙanwata, ki dubi sankarar bakin mahaifa. Ƙwayar cutar HPV nau'i na 16 tana da furotin E7 da ke sa sentrosom ninkuwa fiye da ƙima, ga kuma E6 da ke lalata p53, ana kuma ganin wannan tun kafin ciwon ya zama sankara sosai. Shi ya sa nake roƙon iyaye su kai 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV da Najeriya ta fara bayarwa a 2023.