Neman shawara: wa ya kamata mu tuhuma kan abin da ya same mu a asibitin gwamnati?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar manya da masu sani kan wani al'amari da ya hana iyalinmu sukuni. A daminar da ta wuce, ɗiyar ƙanwata 'yar shekara 3 ta kamu da masassarar cizon sauro, har tafin hannunta da cikin idonta suka yi fari fat. Muka kai ta wani asibitin gwamnati a nan jihar Maraɗi bayan sallar isha'i. Ma'aikacin jinya ɗaya muka tarar, yara kuma biyu-biyu, uku-uku a kan gado guda, iyaye mata suna zaune a tabarmi. Ya duba ta ya ce jini take buƙata, amma babu jini a ajiye, ledar ɗibarsa ma ta ƙare. Ya rubuta mana takardar magani har da safar hannu da sirinji, ya ce mu nemi farmasin da ke kwana a buɗe. Kafin mu haɗa kayan, mu kuma taso ɗan'uwan da jininsa ya dace, asuba ta gabato, Allah ya karɓi abinsa.

Manyan gida sun ce mu yi haƙuri, kuma mun yi, amma na san an ce kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, kuma ba na son a maimaita wa wata uwa abin da aka yi wa ƙanwata. Da can ɗan majalisar dokoki ko mashawarcin gari za mu nufa, to tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 babu majalisar dokoki, majalisun garuruwa kuma an rusa su a Afrilun 2024. Ƙanina ya dage sai ya sa sunan ma'aikacin a Facebook. Wa ke da alhakin wannan abu, kuma ta wace ƙofa za mu bi?

Amsar wani tsohon majo (shugaban ma'aikatan jinya) mai ritaya:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙanta, ya ba mahaifiyarta dangana. Na yi rayuwata a ɗakunan jinya, saboda haka bari in gaya maka yadda wannan kyauta take a ciki. A 2005 aka ce fiɗar haihuwa kyauta ce, a 2006 kuma aka ƙara yara 'yan ƙasa da shekara 5, duk a zamanin shugaba Tandja Mamadou. Tsarin shi ne asibiti ya yi wa yaro magani daga abin da ke farmasinsa, ya cika takarda, a aika lissafi Yamai, gwamnati ta mayar da kuɗin. Amma tun da aka fara aiki da shirin Bamako na 1987 a ƙasar nan asibitocinmu suka dogara da kuɗin da marasa lafiya ke biya wajen sake sayo magani, don haka idan yara, waɗanda su ne suka fi cika ɗakunanmu, ba su biya ba, gwamnati kuma ta riƙe kuɗin watanni, wani lokaci shekaru, kantar farmasin sai ta zama wayam. A nan takardar da aka miƙa maka ta samo asali, kuma wanda ya rubuta ta ba shi ne ke sa hannu a kasafin kuɗi ba.

Batun jini ya fi ɓata mini rai, domin babu wanda bai san cewa daga Agusta zuwa Oktoba masassara ke kwantar da yara a Maraɗi, da Madarunfa, da Gidan Runji ba, kuma ƙarancin jini na cikin manyan abubuwan da ke kashe su. Abin da ke zuwa kowace shekara a lokacinsa ba a kiransa ba-zata. Tanadin ledar jini da kayan gwaji, da ƙara ma'aikatan dare a waɗannan watanni, aikin shugabannin asibiti ne da hukumar kiwon lafiya ta jiha da ma'aikatar da ke Yamai. Su ne ya dace su ba ka amsa.

Amsar wata Hajiya:

Baba majo, ina ganin girmanka, amma kada mu wanke ma'aikata tas. Dukkanmu mun taɓa jin an ce magani ya ƙare, sannan wani ya ja mutum gefe ya fito da shi daga aljihun riga a kan kuɗi. Kuma ina likitan da ke da aikin dare a ranar? An kira shi? Idan babu jini a wurin, me ya hana a tura yarinyar inda yake tun da wuri? Malam, waɗannan tambayoyi ka fara yi, domin rashin kaya daban, sakaci daban.

Amsar wani malamin makarantar Islamiyya:

Ɗan'uwa, yarda da ƙaddara bai hana bin haƙƙi ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa kowannenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi game da abin da aka ba shi kiwo, shugaba kuma shi aka fara ambata. Ka gaya wa dattawan gidanku cikin ladabi cewa ba fansa kake nema ba.

Amsar wani mai aikin shari'a:

Malam, ka hana ƙaninka wannan aiki tun yau. Dokar laifukan intanet ta 2019 an yi mata gyara a watan Yunin 2024, an dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta waya ko intanet, saboda haka mai makoki zai iya wayar gari shi ne ake tuhuma. Ku tattara karnen asibitin yarinyar, da takardar maganin, da rasiɗin farmasi, da takardar shaidar rasuwa, ku kuma rubuta lokacin da kuka isa da lokacin da aka duba ta tun ba ku manta ba. Sannan ku rubuta koke da Faransanci zuwa ga shugaban asibitin, ku kai kwafi ga daraktan kiwon lafiya na jiha da ofishin gwamna, kuma kada ku bar kowane ofishi sai an buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin da za ku riƙe. Idan amsar ta nuna an bar wurin aiki ko an yi sakaci ƙarara, kuna iya kai ƙara wajen mai gabatar da ƙara na kotun Maraɗi ko ƙungiyar da ke ladabtar da likitoci, sai dai ku sani hanya ce mai tsawo da ke buƙatar lauya.

Amsar wani tsohon mashawarcin gari:

Alhaji mai tambaya, ni da na zauna a kujerar da kake kewa zan faɗa maka gaskiya: bashin kuɗin kyautar nan ya ratsa gwamnatoci da dama, masu farar hula da masu kaki, lokacin da majalisa ke nan ma, kuma kaɗan ne daga cikinmu suka ɗaga murya a kai, domin gina sabon ɗaki a yanke ƙyalle ya fi kawo ƙuri'a a kan sayen ledar jini da ba mai gani. Rashin zaɓaɓɓu bai sauke nauyin ba, ya ma tattara shi wuri guda, tunda gwamna da perefe da kantoman gari duk naɗa su aka yi, kuma ba su da wata jam'iyyar adawa da za su ɗora wa laifi. Wannan gwamnati da kanta ta rage kuɗin asibiti da kashi 50 cikin 100 daga 1 ga Satumban 2024, ta kuma ce haihuwa kyauta ce. Abin yabo ne, amma duk ragin da ba a cike giɓinsa daga baitulmali ba, a farmasin asibiti zai fito. Mai neman a cika wannan alkawari ba ɗan adawa ba ne, kuma haka ya kamata ku rubuta kokenku.

Kada ku tafi ku kaɗai. Ku nemo wasu iyalan da irin haka ta same su a daminar, ku bi ta mai unguwa da kwamitin jama'a da ke sa ido kan kuɗin asibiti inda akwai shi, ku nemi a gaya muku a rubuce nawa asibitin ke bin gwamnati da kuma wane tanadin jini aka yi wa damina mai zuwa. Idan kuka samu hujjar an karkatar da magani ko kuɗi, to wannan na hukumar COLDEFF mai yaƙi da almundahanar dukiyar ƙasa ne.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri. Ƙanina ya janye. Karne da rasiɗi suna hannunmu, amma takardar maganin ta ɓace a ruɗanin daren. Ko rashinta zai lalata koken?

Tsohon majo:

Ba zai lalata ba, ɗana. Rasiɗin farmasi yana nuna abin da kuka saya da kwanan wata, kuma kowane ɗakin jinya yana da rajistar da ake rubuta sunan mara lafiya da abin da aka yi masa. Ku nema a cikin kokenku a duba shafin wannan dare, tare da jadawalin waɗanda ke kan aiki, wanda shi ne zai amsa tambayar Hajiya game da likita.