Abin da muka tsinta a hirar majalisa ta Agege a Legas

Jiya bayan isha'i mun zauna gun mai shayi, hira ta zarce kan waya da abota, na ce bari in rubuto kar ya bi iska.

Abu na farko dai barci. Babban mutum na buƙatar awa 7 zuwa 9, amma mu sai mu dawo daga Mile 12 a gajiye bayan gosulo, mu kwanta da TikTok har ƙarfe 2, asuba ta yi mutum ya tashi da ciwon kai yana ta faɗa da kowa. Shawarar da aka fi yarda da ita, a sa waya caji nesa da katifa. Ni kam na gwada, da wuya wallahi.

Sai maganar gasa, nan aka fi daɗewa. Kana ganin abokinka ya ɗora hoto a Lekki, unguwar masu kuɗi, jikin motar da ba tasa ba, kai kana ɗaki ɗaya ku biyar, sai zuciya ta fara ce maka an bar ka a baya, alhali bashin data ma bai biya ba. Wani yayanmu ya ce in sitatus ɗin wani na sa ka baƙin ciki ka ɓoye shi kawai, ba sai kun ɓata ba.

Kan abokai, aka ce in an samu saɓani kar a yi ta a WhatsApp, rubutu ba ya ɗaukar murya, ka hau danfo ka je ka same shi. Cacar waya kuwa ba wanda ya kare ta, har mai yin ta ma shiru ya yi yana juya shayinsa.