Musayar Waƙa: Besbol a Walimar Gari

Malam Mai Tawada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Maudu'inmu yau shi ne besbol, wasan Amurkawa na jifa da bugu da kulki, tun yana abin nishaɗin walimar gari a ƙarni na 19. Amsa-amonmu "wa" ne. Bismillah.

Da sunan Allah zan fara,
Mai ba bayinsa basira,
In kai ku Amurka ziyara,
Mu gano wasan ƙauyawa.

Ran 4 ga Yuli an yi shiri,
Ranar 'yanci, bikin gari,
Kekunan doki sun yi jeri,
Kwanduna cike da abin taɓawa.

A ci a sha a gindin itace,
A share filin da ya dace,
A yi ta bugu har maraice,
Babu tikitin sayarwa.

Turaku huɗu aka kakkafa,
Ƙwallon ɗinkin gida a jefa,
Maƙeri, manomi ƙafa da ƙafa,
Da tsurar hannu ake cafewa.

Ɗan Autan Mawaƙa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara basira, Malam. A ba ƙarami izini ya sa baki.

Malam ka kawo zaƙin kaɗai,
Wasan nan da zafinsa sosai,
In ka bar turke, kula da kai,
Ƙwallon a jikinka ake makawa.

In ya same ka an fid da kai,
Ka koma gefe kana dafe kai,
Ba mai cewa a tausaya mai,
Dokar ce ta yarda da jefawa.

Mutan Masacusets tun fari,
Sai ɓangare ya ci maki ɗari,
Wasa har ya kan kwana a gari,
Gobe a dawo ƙarasawa.

Pittsfield, 1791, ta ce wa masu wasa,
Yadi 80 ku yi nesa,
Kar ƙwallonku ya je ya fasa
Tagogin zauren tattaunawa.

Malam Mai Tawada:

Ƙanena, zancenka gaskiya,
New York ce ta sauya hanya,
Knickerbocker, wata ƙungiya,
A 1845 ta hana makawa.

Jirgin fito suke hawa su haye
Hoboken, inda yara da iyaye
Ke shan iska a lambu, a zagaye
Fili ana ta tafawa.

A 1857 aka zauna aka gyara,
Wasa ya koma turmi tara,
Ba jiran maki 21 irin na New York a da a tara,
Kafin duhu ana watsewa.

Inna Mai Hikima:
Sannunku da ƙoƙari. Na karanta duka, raina ya yi fari, sai dai akwai waɗanda ban ji an ambata ba, kuma su ne suka fi tsaya mini a rai.

Malam ina da tambaya,
Walimar ta kowa ce gaba ɗaya?
Sau da yawa baƙar fata na baya,
Ba a ba su wurin zaunawa.

A Filadelfiya Octavius Catto,
Malamin makaranta ne, ya fito,
Ya ƙi zaman jiran ceto,
Ya ja ƙungiyar baƙar fata, Pythian, fagen karawa.

Ran wasansu mata kan yi girki,
A tarbi abokan karawa da kirki,
A ci, a yi rawa, a yi biki,
Wasa ya zam hanyar haɗuwa.

A 1867 suka nemi kujera
Cikin ƙungiyoyi, suka sha ƙyara,
Kafin ƙarshen wannan shekara
An haramta wa baƙar fata shigowa.

A 1871, ranar zaɓe,
A kan titi shi aka harbe,
Don ya ƙi yarda a keɓe
Jama'arsa a hana su kaɗawa.

Mata ma ba girki kawai suka tsaya ba. A 1866 ɗalibai mata na kwalejin Vassar sun kafa ƙungiyoyinsu, suna bugawa da dogayen riguna. Wanda zai yabi walimar nan ya tuna da su duka.

Ɗan Autan Mawaƙa:

Inna kin taɓo wurin ciwo,
Ga wani shingen da kuɗi ya kawo,
A Brooklyn, 1862, ɗan yawo
Sai ya biya kafin leƙawa.

'Yan Cincinnati masu jar safa,
A 1869 albashi ne fa
Ake biyan su kan bugu da jifa,
Ƙauye kuwa na nan yana bugawa.

Malam Mai Tawada:
Madalla Inna, baitin Catto ya ratsa ni. Allah ya saka da alheri.

Saura batun yaƙin basasa,
Soja a sansani suna wasa,
Suka yaɗa salon New York a ƙasa,
Wa zai karɓa da ɗorawa?