Kirista ya ce "wallahi": zunubi ne ko da gaskiya ya faɗa?

Rifkatu: Salama gare ku. A ajin nazarin Littafi Mai Tsarki malaminmu ya ce duk Kiristan da ya ce "wallahi" ko "na rantse da Allah" ya karya doka ta uku cikin Dokoki Goma, ko da gaskiya yake faɗa. Abin ya tsaya mini a rai.

Istifanus: Daidai ya faɗa. A Matiyu 5:34 Yesu ya hana rantsuwa sam, ko da sama ko da ƙasa. I ɗinka ya zama i, a'a ya zama a'a. Yakubu 5:12 ya maimaita. Ina abin gardama?

Baba Dauda: Ɗana, bi a hankali. Fitowa 20:7, wato doka ta ukun, ambaton sunan Allah a banza ta hana. Maimaitawar Shari'a 6:13 kuwa cewa ta yi a rantse da sunansa. Manzo Bulus ya kira Allah shaida a 2 Korantiyawa 1:23. Babban firist ya rantsar da Yesu a Matiyu 26:63, ya kuwa amsa masa. Abin da Ubangiji ya tsawata shi ne wayon masu rantsuwa da haikali ko bagade don su sami hanyar zillewa. Karanta Matiyu 23.

Istifanus: Baba, Allah ya ba ka haƙuri, ban gamsu ba. Ikkilisiyar Brethren, wadda masu bishararta suka fara aiki a Garkida a 1923 har EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) ta kafu, tun asali ba ta yarda da rantsuwa ba. Ko a kotu doka ta yarda shaida ya yi alkawarin faɗin gaskiya ba tare da ya dafa Littafi ba.

Mama Saratu: Ku bar kotu, sau nawa muke zuwa? Kasuwa ce ta dame ni. Na ji 'yar'uwa ta rantse a kan kuɗin mudun masara, alhali tare muka saro, na san ƙarya ce. Mai saye kuma ya san Kirista ce. Ranar Lahadi da bakin nan za ta ce "a tsarkake sunanka". Raina ya ɓaci ƙwarai.

Baba Dauda: Wannan kam babu mai kare shi, Mama. Amma akwai wanda ya fi shi ci mini rai: mai tashi a taron addu'a ya ce "Ubangiji ya faɗa mini", Ubangiji kuwa bai aiko shi ba. Irmiya 23:31 a kansu take. Bai ce wallahi ba, amma ya jingina wa Allah ƙarya.

Istifanus: Na yarda da wannan, Baba. Batun rantsuwa kuwa ina nan a kan bakata.

Rifkatu: To idan mai saye ya ce ba zai yarda ba sai na rantse, gaskiya kuma nake faɗa, yaya zan yi?

Mama Saratu: 'Yata, faɗa masa kuɗin sau ɗaya. In ya tafi, ya tafi.