Shawarwarin Masu Gudu Kan Zaɓen Takalmi Mai Sauƙin Kuɗi

Masu horar da 'yan gudu da suka tattauna batun sun yarda cewa dacewa da ƙafa ta fi sunan kamfani muhimmanci. Ka gwada takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar da za ka yi gudu da ita. A bar tazarar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan ƙafa mafi tsawo da ƙarshen gaban takalmin. In babu ita, farce zai riƙa bugun gaba har ya yi baƙi. Diddige kuma kada ya riƙa zamewa, shi ke jawo bororo.

Duba ƙasan tsohon takalminka. In gefen ciki ya fi cinyewa, ƙafarka na karkatowa ciki, takalmi mai ɗan tauri a wannan gefen zai iya taimakawa. Wasu sun ce jin daɗin takalmin a ƙafa ya fi wannan gwaji, kuma suna da gaskiya.

Samfurin bara ya fi araha. A gwanjo kuwa, danna soson tsakiya, wato mai laushin da ke tsakanin tafin ƙafa da ƙasan takalmin, da yatsa: in ya yi tamoji bai dawo ba, ya mutu, ko da saman na ƙyalli. Yawanci soson kan gaji tsakanin kilomita 500 zuwa 800.