Na'urorin awon ido kafin a yanka tabarau: abin da aka fi yin ittifaƙi a kai

Da aka tattauna kan wace na'ura ce ta fi dacewa da ƙaramin asibitin ido, yawancin masu tattaunawar sun ce otorifrakta, wato na'urar da ke auna ido da kanta, tana da sauri, amma kada a rubuta tabarau da lambarta kaɗai. Sai an ɗora wa mutum gilasan gwaji, ya karanta allon Snellen, wato allon haruffan gwajin ido, daga nisan mita 6, a riƙa canza ƙarfin gilashin da diyopta 0.25 (diyopta ita ce ma'aunin ƙarfin gilashi) har ya ce ya gani tangaran.

An fi daɗewa kan maganar yara. Idon yaro yakan matse kansa ya ruɗi na'ura, ta nuna masa rashin ganin nesa fiye da yadda yake. Shawara ita ce a ɗiga masa maganin da ke sassauta tsokar ido, irin su siklofentolet, sannan a auna da retinoskof. Wannan 'yar fitilar hannu dai ba ta buƙatar yaro ya yi magana, kuma batir ya ishe ta in an ɗauke wuta, sai dai tana son gwanin hannu.

Mai yanar ido kuwa, otorifrakta kan ba da lambar banza. Mai ciwon sukari ya jira sukarinsa ya daidaita tukuna kafin a auna idonsa.